Rimot Ɗin da Muka Sa wa Motar Baba

Mun tashi da asuba daga Karaye, ni da ƙanina, a cikin akori-kurar Baba, amma sai da mai motar ya tada abarsa tukuna. Ku da kuke bin labaran tafiye-tafiyena kun saba ji na daga Kudu, ina bin manyan motocin albasa ina mitar hanya. Wannan karon ban yi nisa ba, Jega ce da Aliero, na je na dawo a yini guda. Amma wallahi ban taɓa yin tafiyar da ta tsaya mini a rai irinta ba.

Bari in fara gaya muku wane ne Baba. Manomin albasa ne, kuma tun muna yara shi ke kai kayan mutanen unguwarmu kasuwa. Kullum in an fito daga masallaci sai ya shiga motar nan ya tada ta, ya bar ta tana ɗumama, shi kuma yana zaune gilas a sauke. Nan ake zuwa gaishe shi, nan mai saƙo yake ba da saƙonsa, nan amininsa, wani tsohon malamin allo da muke kira Malam kawai, yake jingina sandarsa da ƙofar mota su yi ta musu a kan ruwan bana. Bara hawan jini ya buge Baba, ɓarin damansa ya shanye. Tuƙi ya ƙare, ƙanina ya karɓi motar. Amma ɗumamar safe Baba bai sake ta ba. Kullum sai an ciccibo shi daga ɗaki, a ratsa tsakar gida da zaure, a zaunar da shi a kujerar direba, ƙanina ya ɗora shanyayyen hannun nan a kan makulli, ya rufe da nasa, su murɗa tare.

Kwanakin baya ina gida, muna ɗauke da shi, ƙafar ƙanina ta harɗe a dokin ƙofar zaure, muka zube mu uku. Baba bai karye ba, Allah Ya kiyaye, amma ƙarar da ya yi lokacin da ƙugunsa ya bugi ƙasa har yau tana kunnena. Ni kuwa kun san ni, ba ni da haƙuri, in abu ya dame ni sai na nemo masa magani kafin rana ta faɗi. Na tuna wani Alhaji da nake kai wa kaya a Kudu, yana zaune a shagonsa zai danna wani ɗan rimot, motarsa ta tashi a waje ba kowa a ciki. Na ce to ai shi ke nan, Baba ya tada motarsa daga kan gado, a huta da ɗauka, a huta da faɗuwa.

Inna ce kaɗai na gaya wa. Tana hura wuta ta ce, "Kun gaya mishi?" Na ce, "Ba-zata za mu yi mishi, Inna." Ta dube ni ta ci gaba da hura wutarta.

Da safen tafiyar, bayan motar ta ɗumama, Malam ya gama musunsa, muka sauko da Baba muka zaunar da shi a benci. Shi a saninsa gyara za mu kai ta. Bakinsa ya ɗan karkace tun ciwon, sai ka matsa kusa kake jin maganarsa. Ya ce wa ƙanina, "Bi ta sannu. Ba ta son gaggawa, ba irin wanga ba ce." Ya nuna ni da haɓa, mutane suka yi dariya, muka ɗauki hanya.

Zuwa Maiyama ramuka ne da ƙanina ya san su kamar 'yan'uwansa, yana kauce musu tun kafin in hango su. Gefe da gefe an fara cire albasa, an baza ta a gonaki tana shan iska. A Maiyama muka sha mai, na ji farashin na ce wa mai zubawa ko da zuma ake haɗa shi yanzu. Muka tsaya wurin wata dattijuwa muka sha koko da ƙosai. Kokon ya ji citta, sai dai ƙosan ya ƙanƙance, ka jefa ɗaya a baki ka neme shi ka rasa. Ta ce in je in tambayo kuɗin wake da na man gyaɗa in dawo mu yi magana, na ce na janye.

Daga nan titi ne har Jega. Rana ta ɗaga muka haye gada, masu kwalekwale suna ta jefa taru a ƙasa, ruwan ya ja baya sosai. Jega tana nan yadda kuka san ta, babura, manyan motoci, masu tallan kifi, kowa yana neman ya riga kowa wucewa. Aka kwatanta mana wurin wani dillalin motoci da aka ce yana sa irin waɗannan na'urori. Wuri ne mai kyau, motoci a jere suna ƙyalli, ofis da sanyi. Muka faka akori-kurar Baba a tsakaninsu tana warin albasa.

Dillalin ya fito ya zagaya ta ya ce, "Wagga za a sa ma rimot?" Na ce ita fa. Ya zaunar da mu ya faɗi kuɗin, na ce, "Alhaji, maɓalli na zo saye, ba mota ba." Bai ji haushi ba, ya yi mini bayani. Na'urar kanta ba ta da tsada can, aikin sa ta ne ya fi ta kuɗi nesa ba kusa ba, don sai an kwance gaban motar an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Sannan tamu mai giyar hannu ce, dole a ƙara mata wani abu da zai hana ta tashi in an manta ta a giya, in ba haka ba ka danna daga ɗaki ta shiga katangar maƙwabci. Ya ce zan samu mai yi mini a bakin titi da rahusa, amma in waya ta kama da wuta kada in neme shi. Wannan shawarar na ba ku ita kyauta, ku da kuke sha'awar abin: ku tambayi kuɗin sawa tun kafin ku tambayi kuɗin na'ura.

Da ya ji dalilin zuwanmu sai ya ce shi ma tasa mahaifiyar tana kwance. Ya rage mana abin da ya rage, ya yi wa Baba addu'a. Matsala ɗaya, mai wayarin ɗinsa, wato mai haɗa masa wayoyin mota, yana Aliero yana gyaran wata babbar mota, in muna son a gama a ranar sai mu bi shi can. Muka karɓi na'urar a kwalinta, muka sayi soyayyen kifi a bakin kasuwa. Ni na ci nawa har da kai, ƙanina ya ɗan taɓa nasa ya naɗe takardar.

Aliero tun kafin ka shiga hancinka yake gaya maka ka iso. Albasa a buhu, albasa a ƙasa, albasa a rudu, wato rumfunan karan da ake adana ta. Nan ne wurin sana'ata, don haka sai da na sha gaisuwa kafin mu wuce. Muka bi ta unguwar masu ɗori, mutane a kan tabarmi da ƙafafu a ɗaure, wasu daga garuruwa masu nisa. Na kawar da kai, don faɗuwar nan ta zaure ce ta dawo mini.

Mun sami mai wayarin a gindin bishiyar dogon yaro. Ya murɗa makullin motar, ta tashi bugu ɗaya, ya ce, "Mai motar ga ya iya riƙo." Ya kwance gabanta, ya fito da abin da ya taru a ciki ya miƙo mana: tsohon carbi, busasshen goro, da tabarau mai hannu ɗaya da Baba ya daɗe yana zargin mu da ɓatarwa. Aikin ya ci azahar ya doshi la'asar. Muna zaune a kan wata tsohuwar taya ƙanina ya buɗe baki, karo na farko tun Jega.

Ya ce, "Yaya, ka lura da safe kaɗai Baba ka magana? In mun ka maishe shi ɗaki, shi ke nan sai gobe."

Na ce, "To, kuma sai mu bari ya karye? Kai da bayanka ke ciwo kullum, kai za ka gaya mini haka?" Ya mayar da idonsa kan motar. Ni yayansa ne, kuma ni na biya, ya san in ya ƙara zan hau shi da faɗa.

Da aka gama, mai wayarin ya cire giya ya sa ta a firi, ya ja birkin hannu, ya ce in tsallaka titi in danna. Na danna, fitilu suka ƙifta, motar ta tashi. Wasu manoma daga Jiga Makera da ke jiran awo suka taso kallo, wani tsoho a cikinsu ya ce shi dai ba zai shiga motar da aljani ke tadawa ba. Aka yi ta dariya. Ni kuwa kaina ya kumbura, duk hanyar dawowa ina juya rimot ɗin a hannu, ban ma ji ramukan Maiyama ba.

Ana kiran magariba muka shiga Karaye. Na durƙusa gaban gadon Baba na sa masa abin a hannun hagu, na yi ta zuba bayani: ba sauran ɗauka, ba sauran faɗuwa, daga nan inda yake zai tada ta. Ya juya shi, ya sake juya shi. Ya ce, "Allah shi yi albarka." Bai ƙara komai ba, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Washegari muka dawo daga masallaci muka shiga ɗakinsa, ni da ƙanina da Inna. Ɗakin yana jikin katangar waje, duk abin da ake yi a ƙofar gida ana ji. Na nuna masa maɓallin, ya danna da babban yatsa. Motar ta tashi. Na dubi fuskarsa ina jiran murmushi, shi kuwa ya kasa kunne ne.

Sai ga ƙarar sandar Malam, ƙwas, ƙwas, ta nufo motar kamar kullum. Muka ji ya yi sallama. Ya sake yi. Malam idonsa ya yi rauni, daga baya ya gaya mana sai da ya leƙa ta tagar motar ya shafa kujerar da hannu. Mota tana aiki, kujera ba kowa, kuma ba a fito da amininsa ba. Muka ji sandar ta faɗi, muka ji muryarsa: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe? Mi ya sa ba a tada ni ba?" Kafin ƙanina ya kai zaure a guje, wata maƙwabciya ta fara kuka, maza sun fara taruwa suna tambayar lokacin jana'iza.

Baba yana kwance yana jin komai. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, inda ba ya iya sharewa, Inna ta share masa da bakin mayafi. Ya ce a hankali, "Ashe haka za ta kasance." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, tausayinsa da kunyarsa suka rufe ni gaba ɗaya.

Na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗarsa, ƙanina ya dawo ya kama ƙafafu. A dokin ƙofar zaure muka tsaya muka ɗaga ƙafa a hankali. Muka zaunar da shi a kujerarsa. Malam ya kama hannunsa ya ƙi saki, yana kuka yana faɗa, wai wane irin wasa ne wannan da tsofaffi. Ranar ba a yi musun ruwan bana ba.

Da muka mayar da shi ɗaki na ce zan koma Jega a cire abin, ko ba za a dawo mini da komai ba. Ya girgiza kai. Ya miƙa wa Inna rimot ɗin, ya ce da ni, "Bar shi. Uwarka za ta aje. In ta shiga takaba ba ta iya hita waje, sai ta riƙa tada ta daga nan."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na san kuɗin na'ura, na san kuɗin sawa, na tambayi dillali, na tambayi mai wayarin, mutum ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne mai motar. Da safen ranar da zan koma Kudu, ni da ƙanina muka fasa dokin ƙofar zauren da diga muka daidaita wurin da ƙasa, aikin da bai ci mu ko sisi ba. Ana ci gaba da ɗauko Baba kullum. Rimot ɗin yana ƙulle a bakin zanen Inna, ƙanina ya ce mini tana yawan taɓa shi ta ji ko yana nan, amma ba ta taɓa dannawa ba.