Rigar Ulun Yumma da Ta Makara

Sanyin Hartum baƙo ne mai gaggawa, kafin ka shimfiɗa masa tabarma ya yi sallama. Na san haka sarai, amma shekarar da na koyi saƙa ba ni da kunnen jin gaskiya.

Mahaifiyata, da muke kira Yumma, shayi take sayarwa a bakin tashar mota ta Dar Salam. Da asuba take fita, daga ita sai tob, wato lafaya, kafaɗunta na rawa har garwashi ya kama. Na ci alwashin kafin sanyin ya tafi sai ta sa rigar da na saƙa da hannuna.

Na je kasuwar Umdurman na zaɓo ulu ja jawur, na dawo ina rungume da shi kamar jariri. Ni na tsara kayana: maɓallai manya a gaba, aljihu na ashana, hannaye dogaye har tafin hannu. A mota saƙa, a bakin murhu saƙa, har miya na ƙona. Duk wadda ta shigo gidanmu sai ta taɓa ta yaba, in ba ta yaba ba na tuna mata.

Ran gwaji Yumma ta zura hannu, ta duba, ta fashe da dariya.

"Ya bitti, 'yata, da wannan hannun zan fifita wuta? Ni kike so ki gasa ko rigar?"

Na ji haushi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa. Na saƙa rigar mai zaman ofis, alhali uwata hannunta kullum yana tsakanin wuta da ruwan wanke kofuna. Na warware hannayen ina mita, na sake saƙa su iya gwiwar hannu. Garin sauri na yi ɗaya ya fi ɗaya faɗi, na sake warwarewa. Sauri dai ya haifi nawa.

Ranar da na ɗinka maɓalli na ƙarshe, mutane sun riga sun koma kwana a tsakar gida saboda zafi. Na ninke rigar, na ajiye mata a kan gado. Hawaye na kusa.

Washegari da hantsi na kai mata sukari. Tun daga nesa na hango wani abu ja a bayan garwashi. Yumma ce, ta sa rigar, ta maƙale maɓallai har wuya, ta zame tob daga kafaɗa don kowa ya gani. Gumi na bin fuskarta.

Wani direba ya ce, "Ya Hajja, lafiya? Zazzaɓi ne?"

"Zazzaɓin gidanku! 'Yata ta saƙa. Taɓa ka ji, wallahi babu irinta ko a kasuwar Bahri."

Na yi dariya har sukarin ya kusa zubewa. Na durƙusa na ce, "Yumma, don Allah ki cire, za ki suma."

Ta share gumi da bakin tob, ta miƙo mini shayi.

"Sanyi ne ya ƙi jira, ni na jira. Matsa, kin tare wa mutane."