Sojanmu da ba ya kan dutse

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Mayun 2006, ina 'yar shekara tara, aka tara mu yaran cocinmu da bokitai da tsintsiya don mu gyara makabartar da ke gefen coci. Ƙaramin coci ne na farin katako a wani tsohon ƙauye bayan garin Manassas a Amurka, wanda sababbin gidaje suka riga suka cinye gonakinsa. A tsakiyar makabartar akwai wani dogon dutse da ya fi babana tsayi, an sassaƙa masa sunayen 'yan ƙauyen da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Litinin mai zuwa ce ranar tunawa da sojoji, don haka dole wuri ya yi fes. Mista Harlan, tsohon da ke kula da wurin, shi ya raba aiki. Ni aka tura ni cire ciyawa a gindin shinge, inda sauro ya yi sansani. Molly kuwa, ƙawata kuma 'yar ajinmu, aka miƙa mata burushin haƙori da ruwan sabulu aka ce ta wanke sunaye, saboda biyu daga cikinsu 'yan gidansu ne. Ina durƙushe ina tuge ciyawa ina kallonta ta wutsiyar ido, tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa jariri wanka, ni kuwa kishi ya cika ni har wuya.

Duk shekara sai Mista Harlan ya ba mu tarihin dutsen nan, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Ya ce bayan yaƙin duniya na farko matan ƙauyen ne suka kafe sai an kafa shi, manoma suka jawo shi da dawakai daga tashar jirgin ƙasa, sannan duk yaƙin da ya biyo baya aka riƙa ƙara sunaye daga ƙasa. Shi ya sa na sama suka fara gogewa, gansakuka ta cike su, na ƙasa kuma har yanzu da kaifinsu. Yakan dafa dutsen ya ce, "Gonaki sun tafi, makaranta ta tafi, shagon ƙauye ya zama gidan mai. Wannan kaɗai ya san mun taɓa zama a nan." Ni ba tausayinsa nake ji ba. Lissafi nake a raina: na fi Molly ƙoƙari a aji, na fi ta gudu, ko a wasan igiya sai ta gaji ta bar ni ina yi. Amma ita ga sunan gidansu a kan dutse, ga shi kuma a kan allon titin da motar makarantarmu ke bi kullum. Ni nawa sunan, malamai sai sun yi tuntuɓe sau biyu kafin su kai ƙarshensa.

Ban san lokacin da na miƙe da ƙasa a gwiwa na ce mata, "Mu ma muna da soja" ba. Ba ƙarya na yi ba, mahaifin mamata ya je yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo da tari da wani tabo a kafaɗa, ya rasu tun kafin a haife ni. Molly ta juyo da murna ta ce, "Da gaske? Mene ne sunansa?" Na buɗe baki, sai na ji babu komai a ciki. A gidanmu Baba Soja ake ce masa, Mama takan ce Baba kawai, Kaka kuma ta ce "mai gidan nan" kamar yanzu ya fita zai dawo. Da Molly ta yi min dariya da na ji sauƙi, da mun yi faɗa an raba mu. Sai ta ce ba komai, in ina so in zo in taya ta wanke ɗaya daga cikin nata. Ban taɓa jin kirki ya ƙona ni irin na ranar ba. Mista Harlan da ke jinmu ya ce ranar Litinin, in an gama karanta sunayen kan dutse, kowa na iya tashi ya kira sunan nasa sojan, ko a ina ya yi yaƙi, a buga masa ƙararrawa sau ɗaya. Ya ce in dai zo da sunan.

Da na koma, na tarar da Kaka a filin da ke bayan gidanmu. Ta zo ne daga ƙauyenmu na wajen Zariya don renon ƙanena, shekara biyar ke nan ba ta koma ba, a bakinta ma na tsinci Hausar da nake rubutu da ita yau. Ta mayar da ɗan filin ciyawar babana gona: kunyar yakuwa, kunyar kuɓewa, alayyafo a cikin tsofaffin tayoyi. Aikina ne ban ruwa da yamma, aikinta kuma zagin kuregu, waɗanda ta ce sun fi na gida rashin tarbiyya. Ko jakata ban ajiye ba na ce ta faɗa min sunan mijinta. Ta saki fartanya ta rufe baki da hannu, ta dube ni kamar na yi tsirara a kasuwa. Shekara talatin da wani abu suka yi tare, ko sau ɗaya sunansa bai fito daga bakinta ba, sai ni 'yar jiya zan sa ta? Na yi magiya, na yi kuka, na ƙi cin tuwo. Da na zayyana mata batun Molly da dutsensu, sai ta yi dariya ta ce, "Ƙawata, hassada ga mai rabo taki ce. Ki ci abinci."

Washegari muna shirin coci tana ɗaure min ɗankwali, sai ta ce can ƙasa-ƙasa, "Rana irin ta yau aka haife shi. Sauran kuma ki nemi mai faɗa miki." A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: Kaka ba ta cewa Lahadi, kullum sai dai ta ce ranar sujada. Na ruga wajen Mama, wadda ta dawo daga aikinta na asibiti tana cire takalmi, na tambaye ta yadda ake kiran namijin da aka haifa ranar Lahadi. Ita ma ba ta faɗa ba, ta jawo bayan wani ambulan ta rubuta, ta ninke ta sa min a tafin hannu. Ɗanladi Audu. Na yini ina maimaita shi a banɗaki, ba don ƙaunar mamacin ba, Allah ya sani, sai don in ga idon Molly.

Ranar Litinin makabarta ta cika, ga ƙananan tutoci, ga tsofaffi da hulunan soja. Mama tana wurin aiki, babana ya kawo ni da Kaka, wadda ba ta jin Turanci amma ba ta ƙin taro. Aka karanta sunayen dutse, Molly ta fita da farar riga ta kafa tutoci biyu, mutane na ta ɗaukarta hoto, ni kuwa na sha kunu. Da aka ba da dama, na riga kowa tashi. Na ɗaga murya yadda har na kan titi zai ji, na kira sunan, na ce Bama. Aka buga ƙararrawa. Na waiga in ga Molly, sai idona ya faɗa kan Kaka, ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Sai a lokacin na gane cewa a gaban baƙi na tsaya na kira sunan mijinta gatsal, ba Baba, ba Malam.

Ana watsewa ta kama hannuna ta ja ni gindin shingen nan. Na runtse ido ina jiran ranƙwashi. Sai na ji ta ce, "Sake faɗa. A hankali." Na faɗa. Ta ce in ƙara, na ƙara. Ta share ido da bakin mayafi ta ce tun ranar da aka binne shi ba ta ƙara jin an kira shi ba. Sannan ta dungure min kai ta ce, "Mara kunya," muka tafi neman babana.

Ba zan ce kishin ya warke ranar ba. A mota ma ina ta ƙunci, don na Molly suna nan daram a kan dutse, namu kuwa ya bi ƙarar ƙararrawa ya wuce. Kaka ta koma gida bayan wasu shekara biyar, ba ta daɗe ba ta rasu, aka kwantar da ita kusa da shi. Yanzu unguwar ta ƙara cika, an faɗaɗa titin, amma hukuma ta hana a taɓa makabartar saboda dutsen, kuma duk ƙarshen Mayu in na wuce sai in hangi wasu yaran da bokitai. Har yau ina jin ɗan ƙyashin nan in na ga mai riƙe da burushi. Abin da ya fi ci min rai shi ne shekarun da na yi ina kwana ɗaki ɗaya da matar da ta san muryarsa, ta san yadda ya samu tabon, ta san abin da yake faɗa game da dajin Bama in ya so magana, amma ban tambaye ta ko ɗaya ba, don ba su nake buƙata in rufe bakin Molly ba. Sunan na samo, mutumin kuwa ya tafi tare da Kaka.