Tayin Burodi a Cheetham Hill

A shekarun da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihunta, ina karatu a Birmingham, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Lozells. Wata yayata ta zumunci, mutuniyar Jos mai aikin jinya a Manchester, ta matsa mini in zo mu bi wani zagaye da ake yi da ƙafa a tsohuwar unguwar Yahudawa ta Cheetham Hill, a ci abinci a ji tarihi. Da na ji an ambaci abinci ban yi musu ba.

"Last one ke nan fa," ta ce da ni a cikin bas daga Rusholme. "Council sun yanke funding ɗin, ba kuɗin ci gaba da zagayen."

Mai yi mana jagora wata tsohuwa ce Bayahudiya, gajera, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a kan wuta. Ta nuna mana wani wurin ibadarsu da ya koma ɗakin ajiyar tufafi, da benayen da iyayensu suka ƙare ƙuruciyarsu suna ɗinka rigunan ruwa. Sannan ta tsaya da mu a gidan burodin da babanta ya yi wa aiki har tsufansa. Ta fito da faranti cike da burodinsu mai rami a tsakiya, wanda ake dafawa a ruwa kafin a gasa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya.

Da ta iso kaina na ce a'a, na gode, na ƙoshi. Alhali tun shayin asuba ban sa komai a ciki ba. A gidanmu wanda ya miƙa hannu a tayin farko makwaɗaici ne. Sai an sake, an nace, sannan ka karɓa kamar an tilasta maka. Na tsaya ina jiran farantin ya dawo. Bai dawo ba. Har na fara jin haushinta a raina, ina cewa wace irin rowa ce wannan.

A shagon gaba, inda aka ɗanɗana kifi mai tsami, ta tsallake ni, ta ce cikin ladabi ta san akwai waɗanda ba sa cin abin hannunsu, ba komai. Yayata ta matso kusa da kunnena.

"Malam, ta ɗauka don Bayahudiya ce ka ƙi."

Rashin sani ya fi dare duhu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Zagayen tsohuwar na ƙarshe ke nan, kuma abin da za ta koma gida da shi, wai wani Musulmi ya ƙyamaci burodin gidan da babanta ya yi aiki.

Da mutane suka fara watsewa na sami tsohuwar tana tattara ragowar burodin a jaka. Na yi mata bayanin alkunya irin tamu, da yadda cikina ke kuka tun ɗazu. Sai ta ce kakarta, wadda ta zo daga wajen Rasha, ba ta taɓa yarda da a'ar baƙo ba, sai ta ga ya haɗiye.

"Mu ma haka muke da," ta ce. "A nan muka koyi yin tayi sau ɗaya, don kada a ce mun cika naci. Shekara da shekaru ina nuna wa mutane abin da muka rasa a unguwar nan, wannan bai taɓa zo mini a rai ba."

Ta zaro burodi guda ta miƙo mini. Wallahi kafin in ankara bakina ya sake cewa a'a, Mama, ki bar shi. Ta kama wuyan hannuna ta danna mini shi a tafi, idonta ya ciko da ƙwalla.

"Ci, ɗan nan. Ba inda za ka je sai ka cinye."