Inda Kaka Take Tsayawa

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kai ni kwana gidan Kaka a Ƙofar Atiku shi ne kaskon suyar gyaɗarta. Bakinsa ya ɓalle ta gefe guda, yashin da ke ciki kuwa ya yi baƙi ƙirin don daɗewa a kan wuta. Shekarata tara a lokacin. Na tsaya ina kallonsa har na manta ban durƙusa ba.

"Wagga ɗiya, ni taz zo gaisarwa ko kasko?" Kaka ta tambayi Innata.

Daga nan ya zama duk Juma'a da yamma ana sauke ni a can daga Minanata, in yi kwana biyu. Da an idar da magariba Kaka takan hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kaskon, mu jikoki mu zagaye ta. Tana juya gyaɗa da guntun katako tana ba mu tatsuniya. Tana da irin nata buɗewar. Takan ce, "Ga baƙuwa nan tahe, ku gyara mata wuri." Yara su amsa da ƙarfi, "Ta zauna!" Ni dai kai nake gyaɗawa. Magana a gaban mutane wuya take yi mini, ko a makaranta sai malama ta matso kusa kafin ta ji ni.

Abin da na iya shi ne rubutu. Ina da littafi a cinya, ina rubuta tatsuniyar da hasken wutar, in haɗa da duk abin da idona ya gani: wanda ya yi tari, wanda ya saci gyaɗa mai zafi ya ƙone harshe, yadda Kaka take kare fuska da gefen mayafi idan hayaƙi ya juyo.

"Malama Saratu," takan ce, "in kin gama ki rubuta cewa ƙahwata na ciwo, ko gwamnati ta ji."

Shi ma sai in rubuta.

Ranar Asabar sauran yaran sukan tafi makarantar dare, a bar ni daga ni sai ita. A irin waɗannan ranakun ne take ba ni tatsuniyar yarinya mai gora. Ban taɓa jin ta ba wa kowa ita ba.

Wai akwai wata yarinya da ba ta magana. Duk abin da ya zo bakinta sai ta raɗa shi a cikin gora ta toshe da totuwa. Gaisuwa a gora, dariya a gora, har "na ƙoshi" a gora. Gora ya yi ta nauyi har ta koma goya shi. Wata rana ta shiga jirgi da 'yan kasuwa za su haye gulbi. Ana tsakiyar ruwa sai ta hango wata 'yar kafa a ƙarƙashin buhun gero, ruwa yana shigowa a hankali. Babu wanda ya gani sai ita. Ta buɗe baki, babu komai a ciki, maganarta duk tana cikin gora. Sai ta sauke goran daga bayanta, ta ɗora hannu a kan totuwar.

Nan Kaka take tsayawa. Bayan ɗan lokaci ta ce, "To, tashi mu yi lisha." Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsofaffi, ko kuwa tatsuniyar ce haka aka gaje ta guntuwa. Ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. Kaka ta daina suya shekara biyu ke nan, kuma tunaninta ya fara yi mata wasa. Wata rana ta gane ni, wata rana ta kira ni da sunan Innata. A hutun da ya wuce na ciro littattafan daga ƙarƙashin gado, guda bakwai, na tarar gara ta cinye bangon ɗaya. Yaya Luba, wadda take karatun kwamfuta a jami'a, ta same ni ina kakkaɓe su kamar zan yi kuka.

"Kawo nan, sarkin ajiya," ta ce. "Gara ba ta cin abin da ke cikin kwamfuta."

Kwana huɗu muka yi muna ɗaukar hoton kowane shafi da wayarta. Ta mayar da hotunan rubutu, ta tara su wuri guda, sannan ta haɗa su da manhajar nan mai amsa tambaya da ake ce wa AI. Ta yi mini bayani cewa ta umarce ta kada ta amsa da abin da ta sani na duniya, ta duba cikin littattafaina kawai, kuma duk abin da ta faɗa ta nuna shafin da ta samo shi.

"Tambaye ta. Ita ba sai kin ɗaga murya ba."

Na fara da gwaji. Na rubuta, a wace rana ruwan sama ya kore mu ɗaki? Ta kawo mini shafi biyu, har da inda na ce Kaka ta kife faranti a kan kaskon. Na tambayi tatsuniyoyin da ke da ban tsoro, ta jero shida, alhali a wasu ko kalmar tsoro ban rubuta ba. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Kamar a ce wani ya zauna ya karanta shekaruna bakwai a lokaci guda, ni kuwa ɗaya bayan ɗaya na rayu da su.

Sai na rubuta tambayar da ta fi damuna: yaya tatsuniyar yarinya mai gora ta ƙare?

Ta amsa cewa ta sami tatsuniyar sau goma sha ɗaya, kuma babu ƙarshenta ko a ɗaya. Duka sun tsaya a inda yarinyar ta ɗora hannu a kan totuwa. Sannan ta jero mini layin da ya biyo baya a kowane shafi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. "Kaka ta daina juyawa ta dube ni." "Kaka ta dube ni, ta daɗe." "Kaka tana kallona, wuta tana ƙara." A huɗu daga ciki na ƙara da cewa, "Gyaɗar yau ta ƙone."

Na karanta na sake karantawa. Ranar Juma'a da dare, da yara cike da gida suna ihu, ko sau ɗaya ban rubuta gyaɗa ta ƙone ba. Kaka ba ta ƙona gyaɗa. Ashe ba mantuwa ba ce. Jira take yi in ɗago kai in ce, "Sai me?" Ni kuwa ina can duƙe ina rubuta cewa tana kallona.

A ƙasa manhajar ta tambaya ko ina so ta ƙirƙiro mini ƙarshe.

"Ce mata e," in ji Yaya Luba. "Sai ta ba ki kala uku ki zaɓa."

Na rufe kwamfutar. Na san za ta iya, wataƙila ma ya yi daɗi. Amma ba za ta san abin da Kaka ta ajiye mini ba, tunda ban taɓa karɓa ba balle in rubuta. Wannan ƙarshen wuri ɗaya yake a duniya, kuma wurin ya fara yoyo kamar jirgin 'yan kasuwa.

Ranar Asabar na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ƙofar Atiku. Na isa da la'asar, amma na jira, don Kaka ba ta yarda a yi tatsuniya da rana. Kaskon yana kife a bayan randa. Na tayar da shi, na zuba yashi, na hura wuta bayan magariba, na ɗora gyaɗar da na sayo a hanya. Ƙamshin ne ya fito da ita, tana dafa bango. Ta zauna a tabarma ta daɗe tana kallon fuskata, ni kuma ban san da wane suna za ta kira ni ba. Sai idonta ya sauka a cinyata.

"Malama Saratu, ina littahin?"

"Na bar shi gida, Kaka."

"Ikon Allah! Ashe da murya. To mi yak kawo ki?"

Na ajiye katakon juyawar. Na ɗaga muryata yadda ko na cikin ɗaki zai ji.

"Kaka, yarinyar nan mai gora. Da ta ɗora hannu a kan totuwar, sai me? Don Allah ki ƙarasa mini."