Sarkin Ruwa a Tekun Virginia

Ni ba mutumin ruwa ba ne. A Zinder na tashi, inda ruwan da ya kai gwiwa ma abin kallo ne. Wanda ya ja ni kamun kifi abokin aikina ne a tuƙin tasi a Washington, Basarke, ɗan gidan masunta daga Gaya ta bakin kogin Kwara, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Sarkin Ruwa muke ce masa don tsokana, shi kuwa amsawa yake da gaske.

Duk shekara da zafi ya kankama, sai ya fara cika mana kunne cewa kifi ya shigo. Wani kifi ne mai gurnani kamar kwaɗo idan an ciro shi, yana zuwa da zafi, ya tafi da sanyi. Mukan bar Annandale bayan asuba, mu nausa gabar tekun Virginia. Shi ke kamu, ni nake gadin kula, akwatin ƙanƙarar da muke zuba kifi, ina mita. Matarsa ke ƙyafe kifin a Germantown ta raba wa gidajen 'yan Nijar.

Shekaru muna kamu daga kan gadar katako. A shekarar ƙarshe sai ya ce gada ta 'yan koyo ce. Ya hango wani tudun yashi can cikin ruwa, ana taka ƙafa a je, ruwan bai wuce idon sawu ba. Wani tsohon Bature mai sayar da tana ya gargaɗe mu cewa ruwa zai dawo da rana. Na fassara masa har sau biyu. Ya yi dariya, ya ba ni karatun da na riga na haddace: shi a kwale-kwale aka haife shi, kogin Kwara sau ɗaya yake cika a shekara, kuma sai ya yi sallama, launinsa ya sauya, ciyawa ta fara gangarowa. Ruwa ba ya zuwa wa Basarke ba labari.

Na ce, "Yaya, wannan fa ba Kwara ba ne."

Ya ce, "Ruwa duk ruwa ne, ƙanena. Kai dai riƙe kula."

Haushi ya kama ni, na ƙyale shi. Ya dawo sau ɗaya ya juye kifi cikin kula, ya sake komawa.

Ruwan bai yi sallama ba, kuma ba ta gabansa ya zo ba, inda yake kallo. Ta baya ya zagayo, ya cike tsakaninmu. Na yi ta ihu ina kaɗa riga, iska na mayar mini da muryata. Da ya waiwayo bai ko firgita ba. Ya naɗe ƙugiyarsa a tsanake, ya shiga ruwan da takalman roba masu tsawo, yana tafe kamar mai tsallake kwata. Ina ganinsa har ƙirji. Daga nan sai hularsa kawai. Ina tsaye a kan busasshen yashi, ban iya iyo ba, wayata ce kaɗai ta yi amfani.

Washegari masu ceto suka samo gawarsa. Har yau ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa, ban san wanne ya fi ba.

Kular na bayan motata, ban san yadda zan yi da ita ba. Na yi niyyar zubarwa, na kasa. Na kai Germantown na ajiye a bakin ƙofa, ina fatan kada kowa ya tambaya. Matarsa ta fito cikin mayafi, ta buɗe, ta daɗe tana kallo. Ta tambaye ni ko shi ya kama da hannunsa, na ce shi ne.

Ranar sadakar uku, bayan addu'a, aka fito da shinkafa da miyar kifi. Na gane kifin tun daga ƙamshi. Na tura farantina gefe, sai ga matarsa a kaina.

"Malam, ci," in ji ta. "Cefanensa na ƙarshe ne."

Na ci. Tana tsaye har na gama.