Wasiƙar da Na Danne wa Gwamma

Ni haifaffen Dogon Dutsi ne, kuma kafin in lalace yaron kirki ne, ko ku yarda ko kar ku yarda. Na yi makarantar allo har na iya rubutun ajami, sannan Faransawa suka ɗauke ni suka sa ni lakwal, makarantarsu ta boko, shekara uku. Ranar da aka tafi da ni mahaifina ya yi kuka kamar yaƙi aka kai ni. Na fito da rubutu iri biyu a hannu, da kuma ƙin noma a zuciya.

A wancan zamani samarinmu kan tafi Kurmi, wajen Kumasi, neman abin kansu bayan kaka. Fatake masu goro su ne ke dawowa da wasiƙu da ƙunshin saƙo. Sai na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wani gawo a kasuwa, na zama mai karanta wa mutane wasiƙa, mai kuma rubuta musu amsa. Fatake suka ga na san kowa, suka riƙa sauke mini saƙo in raba. Aka sa mini suna Mai Takarda, kaina ya kumbura.

Ɓarnata daga goro ta fara. Wani ya aiko wa babansa goro, na ɗauki biyu na ce ladan karatu ne. Ba wanda ya ce uffan. Daga nan sai sabulu, sai zane. In wasiƙa ta ce "ga bargo nan na aiko", sai in yi tari, in tsallake layin, in ci gaba da gaisuwa. Na gano cewa wanda bai iya karatu ba, abin da bakina ya faɗa shi ne wasiƙarsa.

Akwai wata tsohuwa daga Kore Mairuwa, sunanta Gwamma. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Arzika, yana aiki a ramin zinariya can Kurmi. Takan tako har Dutsi da ƙafa ta tambaya ko akwai takarda. Sau uku Arzika yana aiko mata da kaya, sau uku ina cinyewa. Rannan wasiƙarsa ta huɗu ta iso, babu ƙunshi. Ya ce dutse ya faɗa masa a hannun dama, hannun ya shanye, ba shi da komai, kuma yana jin kunyar dawowa. Ya ce, "Inna, in kin ce in zo, zan zo. In na ji shiru, na san ba ki son a gan ni haka."

Ina riƙe da takardar, Gwamma na tsugune a gabana tana cewa, "Mi yac ce, ɗana? Shina lahiya?"

Na yi tunani, in Arzika ya dawo zai tambayi zannuwan da ya aiko mata. Sai na buɗe baki na ce yana lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, ba zai zo bana ba. Ta sa mini albarka, ta ba ni ƙwan zabi biyar. Na soya su na ci, kuma ban rubuta masa amsa ba.

Ba wannan ne ya kai ni kaso ba, bargo ne. Wani mutumin Sukukutane ya dawo daga Kurmi ba zato, ya biyo ta kasuwa, ya ga bargon da ya aiko wa matarsa a kafaɗata. Ja ne mai ratsin baƙi, ko makaho ya shafa zai gane shi. Ya ce, "Malam, sanyi dai?" Kafin in amsa ya shaƙe ni da bargon. A gaban Kumandan, Bafaranshen da ke mulkinmu, masu ƙara suka yi layi har waje. Na amsa duk abin da aka tambaye ni, aka ba ni shekara biyu. Gwamma ba ta zo ba, don ba ta san an cuce ta ba, ni kuma na ja bakina.

A gidan kaso aikinmu ɗebo ruwa ne zuwa lambun Kumandan da fasa dutse. Wata biyun farko na jure. Daga nan wani ciwo ya kama ni wanda ba shi da kumburi balle jini. Ina zaune lafiya sai gabana ya faɗi, zuciyata ta riƙa duka, hannuna ya kama rawa. Tuwo ya koma mini kamar ƙasa. Gari ya waye in ji ba na son tashi, ba na son magana, ba na son komai. Na rame har gardi mai tsaronmu ya daina dukana. 'Yan ɗakinmu suka ce doguwa ce ta taɓa ni, wani ya ce a nemo mai bori in an sallame ni. Ni dai na san ina jin tsoro, amma ban san na mene ne ba.

Cikinmu akwai wani dattijo makiyayi, Sambo, wanda aka kulle saboda shanunsa sun shiga gonar da ba ta shiguwa. Mutum ne mai ban dariya, ko gardi ba ya ƙyalewa. Wata rana da azahar, muna hutawa a inuwar katanga, ya roƙe ni in rubuta wa iyalinsa wasiƙa. Gardi ya ba mu bayan wata tsohuwar takardar ofis da guntun fensir. Sambo ya gaida matarsa a layi ɗaya, ya gaida shanunsa ɗaya bayan ɗaya da sunansu har takarda ta cika.

Da muka gama ya dube ni ya ce, "Mai Takarda, ka lura? Tun da kaf fara rubutu hannunka bai yi rawa ba."

Na duba, gaskiya ne.

Ya ce, "To ka riƙa rubuta ma wani kullum."

Na ce, "Baffa, wa gare ni? Duk Arewa ba mai son takarda daga hannuna."

Ya ce, "Rubuta ma kanka mana. Ka san inda mai ita yake, kuma ba mai sace bargo bisa hanya."

Aka yi ta dariya, har ni. Ita ce dariyata ta farko cikin wata huɗu.

Takarda ba ta samuwa, sai na samo sakaina, wato ɓarin fasasshiyar ƙwarya, da gawayi daga madafa. Na rubuta yadda na saba: "Bayan gaisuwa mai yawa, ina nan lafiya, babu abin da ke damuna." Da safe na karanta wa Sambo da muryata ta kasuwa. Ya riƙe ciki don dariya ya ce, "Kai jama'a! Wanga ko kanshi cuta yakai."

Na wanke sakainar na sake. A wannan karon na rubuta: "Ba ni da lafiya. Jiya gabana ya faɗi sau huɗu. Na farko lokacin da aka buɗe ƙofa." Haka na riƙa yi. Da la'asar in rubuta abin da na ji a jiki da abin da ya zo mini a rai, ba ado. Da safe in karanta kamar wani bawan Allah ne ya aiko daga nesa. Abin mamaki, sai in ji tausayin mai wasiƙar, in ba shi shawara yadda zan ba baƙo: ka ci tuwonka ko rabi, ka zauna cikin mutane, abin da kake tsoro jiya ai bai faru ba. Sambo ya ce kowace wasiƙa sai ta ƙare da labari mai daɗi guda, don ba a aika takarda baƙa ƙirin. Wata rana abin da na samu kawai shi ne jakin Kumandan ya harbi tafinta.

Na fara cin abinci, rawar hannu ta ragu. Amma na lura da wani abu. Ko ta ina na fara wasiƙa, sai ta ɓulla Kore Mairuwa. In fara da zafin rana, in ƙare da ƙwan zabi. A kasuwa in layi bai yi mini ba nakan yi tari in tsallake, amma a nan mai rubutu da mai karatu mutum ɗaya ne. Ranar da na rubuta wasiƙar Arzika kaf daga kaina a kan sakaina, na karanta wa Sambo, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ga doguwar taka nan. Tsohuwa na jiran ɗa, ɗa na jiran tsohuwa, kai ka zamna tsakani."

Na yi kuka sosai, kuma daga ranar na san sunan ciwona. Tsoron bai tafi duka ba, sai dai ya koma guda ɗaya: kada Gwamma ta mutu kafin in fita.

Ranar da aka sallame ni ban shiga gidanmu ba, na kama hanyar Kore Mairuwa. Na same ta da rai, tana tuƙa tuwo a tsakar gida. Ta ce, "Ɗana! An samu takarda?" Na durƙusa na ce, "Inna, an samu tun shekara uku." Na faɗa mata wasiƙar kalma bayan kalma, na faɗa mata zancen zannuwa.

Ta zaro muciya daga tukunya, da zafinta da tuwonta, ta sauke mini a gadon baya sau uku. Ban taɓa shan dukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Ta share hawaye ta ce, "Zamna, ɗan banza. Ɗauko alƙalaminka."

Na gyara zama na ce, "Bayan gaisuwa mai yawa..."

Ta ce, "Bar gaisuwa. Rubuta: ka zo gida."

Na rubuta. Ta kai wa limamin garin ya karanta mata, ta kai wa wani malami daban ya sake karantawa, sannan ta yarda aka ba fatake.

Arzika ya iso bayan kaka, hannu ɗaya a rataye, yana dariya. Gwamma ta yanka akuya, har ni aka aiko wa ƙafa. Na yi masa noma damina biyu a madadin kayansa, ni da na ƙi fartanya tun ina yaro. Bai taɓa zagina ba. Abu ɗaya ya faɗa mini muna kan kunya a gona: "Can Kurmi, duk randa fatake sunka iso, sai in tahi bakin zango in tsaya har su gama sauke kaya, ko akwai amsar Inna."

Yanzu na tsufa, na tuba, kuma har yau in gabana ya fara faɗuwa nakan aika wa kaina wasiƙa. Ku samari, in ranku ya yi nauyi kada ku ɓoye. Ku rubuta shi yadda yake, ku karanta da safe, ku nemi Sambonku ku karanta masa, in ya ƙi sauƙi ku je wurin likita. Kuma in an ba ku amanar goro biyu, ku kai goro biyu. Ni daga nan na fara, har na kai ga riƙe wa uwa da ɗanta kalma uku tsawon shekara uku.