Hedley Thackray da Ƙararrawar Cocinmu

Da safiyar Talata, huɗu ga watan Maris, Enid ta bugo mini waya ta ce mijinta Hedley Thackray ya cika. Na zauna ina dafe da ƙafata ta hagu, wadda albarkacinsa take jikina har yau.

Hedley, duk garinmu na Wendlethorpe an san cewa bayan iyalinka babu abin da kake so kamar tsohon cocinmu. Kai ke share gansakuka daga bango, kai ke hawa rufi idan ya fara yoyo. Kwamin dutsen nan na baftisma da ke ƙarƙashin hasumiya, wanda kakannin kakanninmu suka sassaƙa wa ganyaye da kifaye, ba ka yarda ko kofin shayi a ɗora a kai.

Ranar da muka tashi sauko da babbar ƙararrawa daga hasumiyar don a kai ta gyara, ni da kai ne a sama, sauran maza suna ƙasa. Muna zura ta a hankali ta ƙofar da ke daɓen katako, kana yi mini tsiya: “Cyril, wannan tumbin naka ya fi ta nauyi.” Sai gungumen da muka rataye ta a jikinsa ya yi ƙara, ya tsage. Ƙararrawar ta yi ƙasa, igiya ta naɗe mini ƙafa, ta ja ni har bakin ramin. Na rungume wani ginshiƙi. Ina jin ƙashina yana shirin rabuwa, ina hangen kwamin daidai ƙarƙashin ƙararrawar.

Daga ƙasa wani ya yi ihu: “Ku riƙe ta! Kwamin! Bari mu kawo katakai mu rufe shi!”

Ka dubi hannuwana da suka fara zamewa. Ka ɗauki gatari.

“Hedley, zan iya jurewa,” na ce.

“Rufe mini baki, sakarai. Ku watse daga nan ƙasa! Ku watse!”

Ka jira har ka ji sun fita, sannan ka sare igiyar. Ƙarar da ta biyo baya, har gonakin bayan gari an ji ta. Ƙararrawa ta fashe, kwamin ya rabu gida uku.

Wasu sun daɗe ba su gaishe ka ba. A taron coci an ce ka yi gaggawa, ka ɓarar da gadon gari. Ba ka kare kanka ba. Ka tattara gutsattsarin cikin bargo, ka yi shekaru kana taya masassaƙin dutse haɗa su. Na taɓa tambayar ka ko ka yi nadama. Ka ce, “Dutse yana ɗinkuwa, Cyril. Kai kuwa wa zai ɗinka ka?”

Ubangiji Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya karɓe ka cikin salamarsa. Enid, da ke da ’ya’yanku Rosalind da Piers, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ranar Juma’a ina cikin masu ɗaukar akwatinsa, ko da ɗingishi ne.